Jan naman nan da ake ratayewa a gilashi a Gwanzu, na mene ne?

Auwal_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu zuwa China ina da tambaya. Maigidana zai tura ni Gwanzu wata mai kamawa saro kaya, tafiyata ta farko kenan, to ina ta kallon bidiyon garin a waya sai nake ganin wasu shaguna masu gilashi a gaba an rataye agwagi gasassu da kaji, a gefe kuma wani nama dogo-dogo ja wur yana ta sheƙi. Wani abokina ya ce naman alade ne, wani kuma ya ce a'a na sa ne aka sa masa kala. Wanne ne gaskiya? Sannan idan na shiga irin shagon na ce a ba ni agwagwa kawai da shinkafa akwai matsala? Kuma tunda abin ya tsaya min a rai, gidajen abincin 'yan China na nan Kano da Abuja da muke kai iyali su ci firaid rais su ma suna yinsa ne?

Alhaji_Sanyuanli:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka na farko shi ya faɗa maka gaskiya, alade ne babu tantama. Sunansa cha siu, abincin mutanen Gwanzu da Hong Kong ne na gado, duk lungun da ka bi sai ka ga shagonsa. Akwai ɗan'uwansa da ake ratayewa kusa da shi, faffaɗa mai fata ruwan zuma ta yi ƙuraje-ƙuraje, shi ma alade ne, siu yuk suke ce masa. Kada ka shiga shagon ko don agwagwar. Ka nemi masauki wajen unguwar Xiaobei, abincin halal har sai ka zaɓa.

Maman_Ilham:
Innalillahi, ni wlh ko hotonsa ba na son gani. Allah ya tsare mu

Bitrus_Kaf:
Malam Auwal bari in ba ka amsa a matsayin wanda ya yi aikin da hannunsa. Ni Kirista ne daga wajen Kafanchan, na yi shekaru ina aikin kicin a wani gidan abincin 'yan China a Abuja a ƙarƙashin wani kuku ɗan Gwanzu, shi ya koya min. Cha siu daga kafaɗa da wuyan alade ake yankarsa dogo-dogo inda tsoka ta cakuɗe da kitse. A jiƙa shi ya kwana cikin sos ɗin waken soya da sukari da tafarnuwa da garin kayan ƙamshinsu guda biyar, a ciki akwai kanumfari da kirfa, da wata awara da suke tsimawa har ta yi ja, sannan a zuba giyar girki. Wasu suna ƙara kala don jan ya fito sosai. Da safe a saƙale shi a ƙugiya a zura cikin tanderu mai kama da babban duro, wuta a ƙasa nama a rataye a kewaye, ana fitowa da shi ana shafa masa zuma ko wani ruwan sukari mai danƙo a mayar, shi ya sa kake ganin sheƙin nan da bakin-bakin da ya ɗan ƙone.

Yanzu ga inda tambayarka ta biyu take. Tanderun nan guda ɗaya ne. Agwagwa da dinya da kaza da alade duk ciki ake rataye su, kitsen wannan na ɗiga hayaƙin na bugun wancan. Idan ka ce a ba ka agwagwa, mai shagon zai sauke ta ya ɗora kan kututturen katakon da ya gama sara alade a kai yanzun nan, da babbar wuƙar nan tasa da ba ya ajiyewa, ya sassara ya kwashe da gefen wuƙar ya zuba maka kan shinkafa, ya ɗebo romo a tukunya ɗaya ya kwarara. Ba mugunta yake yi ba, shi a wurinsa nama nama ne. Amma ni da na san addininku ba zan ce maka ka ci ba.

Auwal_Kwari:
Kai Malam Bitrus na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wato ko agwagwar ma ba ta tsira ba

Bitrus_Kaf:
Ba ta tsira ba gaskiya. Kuma ita kanta ana zuba mata giyar a cikin ruwan da ake ɗura mata a ciki kafin a ɗinke ta

Abu_Khadija:
Ni abin da ban gane ba shi ne me ya kawo bayanin yadda ake gasa alade dalla-dalla a gidan da yawancinmu Musulmi ne? A ce haram ne a wuce mana, sai an koya wa yara haɗinsa?

Hajiya_Mai_Atamfa:
@Abu_Khadija haba malam, ai wanda bai san abu ba shi ke faɗawa cikinsa. Da Bitrus bai yi bayanin katako da wuƙa ba da yaron nan ya je ya ci agwagwa hankalinsa kwance. Ni na gode masa.

Auwal ɗana saurara, ni tun kafin korona nake zuwa. Wanda aka rataye a gilashi ai shi ne mai sauƙi tunda kana ganinsa da idonka ka kauce. Wanda ba ka gani shi ne abin tsoro. Wata rana wani mai masana'anta a Foshan ya kai mu cin abinci ni da wata abokiyar tafiyata, mutumin kirki, mun gaya masa ba ma cin alade ya ce ya gane, ya yi odar kifi da ganye da soyayyiyar shinkafa. Aka kawo shinkafar gwanin sha'awa da ƙwai da koren wake da jatan lande, na sa cokali zan ɗiba sai na ga wasu 'yan gutsattsari ƙanana masu jan baki-baki a ciki. Na tsamo ɗaya na nuna wa tafintarmu, ta kira mai kawo abincin, suka yi yarensu, sai ta juyo ta ce wai ɗan kaɗan ne aka sa don ɗanɗano, ba nama ba ne sosai. Cha siu ɗin nan ne aka yayyanka. Mutumin ya ji kunya matuƙa har ya miƙe tsaye yana ba mu haƙuri. Shi a tunaninsa in dai ba a kawo maka farantin alade ba to ba ka ci alade ba.

Haka ganye, sau da yawa da man alade ake soya shi. Haka taliya, romon da ƙashin alade ake dafa shi ko da naman sa aka ɗora a sama. Haka awara, za ka ganta fara tas cikin jar miya amma da niƙaƙƙen nama a ciki. Har burodi bai tsira ba, akwai wani da suke barbaɗa masa abu a kai wlh in ka gani ka rantse dambun nama ne na gida, na alade ne mafi yawa. Na sha ƙwace shi a hannun yaranmu a shagon burodi.

Dan_Dalibi_Xian:
Hajiya ta gama magana. Ni karatu nake a Xi'an. Abin da zan ƙara, ka ajiye hoton harufan nan biyu a wayarka. 清真 shi ne alamar abincin Musulmi, galibi a koren allo. 猪 shi ne alade. Sannan ka kula a menu idan aka rubuta nama kawai ba a faɗi na wace dabba ba to alade ake nufi, na sa da na rago da kaza su ake ambata da suna. Ka sa manhajar fassara mai ɗaukar hoto a wayarka tun daga gida, amma kada ka dogara da ita ɗari bisa ɗari don sunayen abincinsu wani lokacin ba sa nuna abin da ke ciki.

Kada kuma ka tsaya neman rubutun Larabci a ƙofa. Tun wajen 2018 zuwa 2019 hukumomi suka sa aka ciccire kalmar halal ta Larabci da hoton wata da ƙubba a allunan gidajen abinci a garuruwa da yawa, saura harufan China kawai. Mutum zai iya wuce gidan Musulmi bai sani ba.

Sani_Kargo:
Lanzhou lamiyan kawai. Shikenan. Safe da rana da dare. Taliyar da ake ja da hannu a gabanka, romon naman sa, ɗan yaji, RMB 15 zuwa 20 kuɗin China ka ƙoshi. Ko'ina a China akwai su, za ka ga maza da farar hula mata da ɗankwali

Alhaji_Sanyuanli:
@Sani_Kargo gaskiya ne amma ba duk mai allon Lanzhou ne Musulmi ba, yanzu kowa na buɗewa saboda sunan ya karɓu. A leƙa ciki tukuna. In ka ga farar hula da ɗankwali, babu giya a firij, an manna takarda cewa kada a shigo da abincin waje, to ka zauna. Yawancin masu yin na ainihi 'yan ƙabilar Hui ne da Salar daga Qinghai da Gansu. In ka yi musu sallama za su amsa, wasu har su nuna maka inda za ka yi salla a bayan shago.

Ummu_Sultan:
Ni tambaya ta uku nake jira a amsa fa, ta gidajen nan na gida. Mu da ba ma zuwa China ita ta dame mu. Duk ƙarshen wata maigida na kai mu, yara na son sufirin rol da taliyar nan mai kaza

Bitrus_Kaf:
@Ummu_Sultan Hajiya ba zan yi wa kowa shaidar zur ba, abin da na gani zan faɗa. Gidajen iri biyu ne. Akwai wanda suna ne kawai na China, masu girkin duk 'yan Najeriya ne, naman daga mahautan gari ake sayowa, kwastomominsu Musulmi ne don haka ba sa kusantar alade ko don kasuwarsu. Akwai kuma wanda 'yan China ma'aikatan kamfanoni ke zuwa ci, irin wanda na yi aiki. Mu menu biyu muke da shi, na Turanci da ake miƙa wa kowa, da na rubutun China da ake ba su. Alade yana cikin na biyun. Firiza daban muke sa shi, wannan gaskiya ne. Amma kaskon suyar nan mai zurfi, idan oda ta yi yawa da daddare, ruwa kawai ake watsa masa a goge da burushin gora a ɗora na gaba, babu lokacin sabulu. Giyar girki kuma tana gefen murhu a kwano, kuku na ɗiba da ludayi ba tare da ya yi tunani ba. In kin ce kada a sa ba za a sa ba, in ba ki faɗa ba hannu ya riga ya saba.

Ki tambaya kai tsaye, kuna dafa alade a kicin ɗin nan? Kada ki tambayi manaja, ki tambayi yaron da ke kawo abinci da Hausa, zai gaya miki.

Ummu_Sultan:
Subhanallah giyar ce ban taɓa kawowa a raina ba. Na gode

Nura_Bompai:
A Kano dai ban ji wanda zai yi gangancin sa alade a menu a cikin gari ba. Abuja da Legas ne sai a hankali

Hajiya_Mai_Atamfa:
Nura kada ka yi rantsuwa a kan kicin ɗin da ba ka shiga ba. A tambaya dai, tambaya ba ta ɓata komai

Malam_Tukur_Zariya:
Bismillah. Na ga ana ta maganar alade an bar wani abu da ya fi shi yawan faruwa, wato yanka. Ayar da ta haramta alade a Baƙara ta 173 da Ma'ida ta 3 ita ce ta haramta mushe da jini da abin da aka yanka don wanin Allah. An halatta mana yankan Ahlul Kitabi, to galibin mutanen China ba Yahudu ba ne ba Nasara ba. Saboda haka kaza ko naman sa a gidan abincin da ba na Musulmi ba a can, ko da an wanke kasko da sabulu sau bakwai, matsalar yankan na nan. Mutane da yawa suna cewa ni kaza kawai na ci, suna ganin sun kuɓuta.

Game da kwanuka kuma akwai hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani a Bukhari da Muslim, ya tambayi Manzon Allah SAW game da cin abinci a kwanukan mutanen da suke zaune a ƙasarsu, aka ce masa idan kun sami wasu kada ku ci a cikinsu, idan ba ku samu ba ku wanke ku ci. To a Gwanzu an samu wasu, har sun yi yawa. Wanda kuma aka ba shi ya ci bai sani ba babu laifi a kansa, ya kurkure baki ya kiyaye gaba, kada shaiɗan ya sa masa waswasin wai sallarsa ta kwana arba'in ba ta karɓuwa, wannan ba a kan alade ya zo ba.

Sani_Kargo:
Allah gafarta malam to kifi fa? Don gaskiya wani lokacin kana can cikin ƙauyen masana'antu awa biyu daga gari, babu Lanzhou babu komai, mai kamfani ya shirya maka tebur guda, in ka ƙi ci gaba ɗaya ciniki na iya lalacewa don su cin abinci tare babban abu ne a wurinsu

Malam_Tukur_Zariya:
Kifi da duk abin ruwa halal ne ba ya buƙatar yanka, a mazhabarmu ta Malikiyya har jatan lande da ƙaguwa. Abin dubawa shi ne da me aka dafa. Ka ce a turara maka shi da citta da albasa kawai, ba giya ba man alade, da farar shinkafa da dafaffen ƙwai. In zuciyarka ta natsu ka ci.

Abu_Khadija:
Ni ban yarda ba malam. Wurin da ake dafa alade ko ruwa ba zan sha ba. Bitrus da kansa ya ce hannun kuku ya saba da giya, wa zai tsaya a kansa? Ka bar abin da kake kokwanto zuwa wanda ba ka kokwanto. Ciniki ya lalace mana, arziki na Allah ne

Malam_Tukur_Zariya:
Wannan tsantseni ne kuma abu ne mai kyau, Allah ya ƙara mana. Amma tsantseninka ba zai zama hukunci a kan kowa ba. Kada mu haramta wa matafiyi abin da shari'a ta yi masa sauƙi a kai

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan mun zauna da Sinuwa, wato 'yan China, a wajen aikin man fetur, kantin ɗinsu daban namu daban, kuma da suka gane ba mu taɓa abin nan ba su taɓa matsa muna ba. Abin da na lura in ka faɗi musu tun farko da fuska sake suna girmamawa. Wanda ke jin kunyar faɗi shi ke shan wahala. Kuma kun san su da barkono, na wajen Sichuan in ya yi miya ko mu sai mun nemi ruwa

Dan_Dalibi_Xian:
@Issoufou_Damagaram haka ne, kuma su ma suna da Musulminsu ai, Hui kaɗai sun haura miliyan 11, Uyghur ma haka, don haka ba baƙon abu ba ne a wurinsu mutum ya ce ba ya ci. Jami'o'i da yawa suna da kantin Musulmi daban. Amma a kudu irin su Gwanzu Musulmin asali ba su da yawa shi ya sa mai shago bai damu ya sani ba.

Kuma a fahimci girman abin a wurinsu. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a China ake cinsa. Lokacin da cutar zazzaɓin aladu ta shiga a watan Agustan 2018 ta kashe musu dabbobi ba iyaka, a 2019 farashi ya yi tashin gwauron zabi har gwamnati ta riƙa fito da daskararren nama daga rumbunta na ajiya don a samu sauƙi. Ƙasar da ke da rumbun gwamnati na naman alade kun ga ai ba ƙaramin abu ba ne a tukunyarsu. A bikin aure da buɗe sabon shago da ziyarar kaburburan kakanni mutanen Gwanzu ɗan alade guda suke gasawa su kai.

Grace_Tudunwada:
Ni dai tunda an tambaya bari in faɗa ba don in ɓata wa kowa rai ba. Na ci a Gwanzu lokacin da na je sayen kayan saloon, cha siu zaƙi ya yi min yawa, nama da zuma bai shige ni ba, mu mun saba da yaji da gishiri. Mai fatar nan mai ƙaras-ƙaras ya fi min. Amma 'yar'uwata da muka je tare 'yar cocin Adventist ce ba ta ci ita ma, tare da Hausawa take bin layin abincin halal. Don haka ba Musulmi kaɗai ke wannan taka-tsantsan ɗin ba

Bitrus_Kaf:
@Grace_Tudunwada fatar nan aiki ce babba, da wani abu mai ƙusoshi da yawa ake tsattsaga ta a shafa gishiri da binega ta kwana a firij ta bushe, in ta ji wuta sai ta kumbura, inda ya ƙone a kankare da wuƙa. Ogana har kasuwar aladu ta Katsit a wajen Kafanchan yake aika mota a sayo masa dabbar don ya ce na can sun fi

Admin_Garba:
Jama'a a ci gaba da mutunta juna kamar yadda ake yi. Na goge saƙo biyu na zagi. Wanda ya ga batun bai masa ba ya wuce kawai. Bitrus da Grace 'yan gida ne

Maman_Ilham:
To ni abin da ke ɗaure min kai, wato duk wanda ya je sai dai ya ƙare a taliya da abincin Larabawa? Ba za a ɗanɗana abincin garin ba kenan sam?

Alhaji_Sanyuanli:
Za a ɗanɗana Hajiya. A titin Zhongshan na shida akwai tsohon gidan abincin Musulmin Gwanzu da ake kira Huimin, ba nisa da masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiyar nan. Girkin garin suke yi sak amma na halal, gasasshiyar dinya da agwagwa da 'yan ƙananan abincin nan na safe da ake kawowa cikin kwandon gora ana shan shayi. Dinyar nan in an kawo ta fatar ta yi jawur tana ƙyalli, ka ɗauki yanka ɗaya ka tsoma a wani sos mai tsami-tsami na 'ya'yan itace, kitsen ya narke maka a baki, wlh duk tafiya sai na je ko sau ɗaya ne. Wanda ya bi ta Hong Kong kuma ya je masallacin Ammar a Wan Chai, akwai kantin abinci a saman benen, sannan a kasuwar Bowrington akwai masu gasasshiyar agwagwa ta halal.

Ran Juma'a kuma ka je masallacin da ke wajen kabarin da suke cewa na Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne, kusa da lambun Yuexiu. Nan za ka ga jama'a, 'yan Afirka da Larabawa da 'yan Pakistan da Uyghur. Tsiren ragon Uyghur da gurasarsu da shinkafarsu mai karas, ba a magana.

Malam_Tukur_Zariya:
Alhaji gyara kaɗan, abin da malaman tarihi suka tabbatar Sa'ad RA a Aƙiƙ kusa da Madina ya rasu aka binne shi a Baƙi'a. Na Gwanzu riwayar mutanen can ce. Masallacin dai tsoho ne ƙwarai kuma shaida ne cewa Musulunci ya daɗe da isa can ta hanyar fatake na teku

Alhaji_Sanyuanli:
Shi ya sa na ce suke cewa, Allah gafarta malam. Na gode da ƙarin haske

Hajiya_Mai_Atamfa:
Xiaobei ɗin ma ba kamar da ba fa. Kafin korona ta layin Baohan da wajen benen Tianxiu har tuwo da miyar kuka za ka samu a ɗakunan sama, matan Mali da Gini da namu suna dafawa a kai maka har otal. Bayan abin da ya faru a 2020 da aka riƙa fitar da baƙaƙe daga gidajen haya mutane da yawa sun watse, an rufe wurare. Yanzu ana dawowa amma ka tambayi wanda ya je kwanan nan kada ka bi tsohon kwatance. Ni dai jakata ba ta rabuwa da garin kunu da yaji da ƙuli da ɗan gari, kwana biyun farko kafin ciki ya saba

Sani_Kargo:
Hajiya banda kilishi a gaya masa, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga, in suka gani a filin jirgi za su karɓe

Hajiya_Mai_Atamfa:
Eh wannan gaskiya ne, nama da madara da ɗanyen 'ya'yan itace duk kada ka ɗauka

Zainab_Kitchen:
Ni tambayata ga Malam Bitrus, wannan haɗin ba za a iya yinsa da kaza ko naman rago ba a cire giyar? Don yadda ka kwatanta shi da zuma da kanumfari na ji ina son gwadawa a obin ɗina

Bitrus_Kaf:
Sosai ma Hajiya, a Malesiya Musulmi da kaza suke yi. Ki samu cinyar kaza ki cire ƙashi ki bar fatar, ƙirji bushewa yake. Sos ɗin waken soya, zuma, tafarnuwa, citta, kanumfari da kirfa kaɗan don suna da ƙarfi, ɗan man riɗi. Ki bar shi ya kwana a firij. Ki gasa a kan waya ki sa faranti da ruwa a ƙasa ya tari abin da ke ɗiga. Zumar ta ƙarshe sai ya kusa nuna za ki shafa, in kin sa da wuri baƙi zai yi ya yi ɗaci. Ki duba kwalbar sos ɗin kuma, wasu akwai alkohol a jerin kayan da aka rubuta, ki nemi mai tambarin halal

Abu_Khadija:
To me ya sa sai an kwaikwayi abincin da asalinsa na alade ne? Ga tsire ga balangu ga dambu

Zainab_Kitchen:
Malam kaza ce fa da zuma, yankan Musulmi. Taliya da makaroni ma ai ba kakanninmu suka ƙirƙiro ba

Nura_Bompai:
Mun bar Auwal a tsaye. Auwal in Yiwu maigidanka zai ƙara tura ka can abin ya fi sauƙi, gidajen abincin Larabawa da Turkawa sun cika garin saboda 'yan kasuwar Futian. Gwanzu ce dai sai ka buɗe ido, balle in tafiyar ta faɗo lokacin babban baje kolin nan na Canton Fair na Afrilu ko Oktoba da otal ke tsada mutum ya ƙare a unguwar da bai sani ba

Auwal_Kwari:
Na gode muku duka wlh, na ɗauki hoton harufan na ajiye. Gwanzu ce kawai a wannan karon, ta Addis zan bi. Maganar kifin ce har yanzu ban tsaya a kan ɗaya ba, Malam Tukur ya ce a ci in an natsu, Abu Khadija ya ce ko ruwa a'a, kuma maigida ya riga ya gaya min akwai masu masana'antar yadi da za su ɗauke ni su kai ni wajen gari kwana biyu

Dan_Dalibi_Xian:
Ka gaya wa mai masana'antar tun a WeChat, manhajar hirarsu, kafin ka taso cewa kai Musulmi ne a nema maka gidan 清真, mafi yawansu za su nema ko da nisa don sun saba da baƙi Larabawa. In ka turo min saƙo ta akwati zan rubuta maka jimlar da rubutun China, ba alade ba man alade ba giyar girki, sai ka riƙa nunawa

Ummu_Sultan:
Ni ma a rubuto min don Allah, gidan da muke zuwa kukun ɗan China ne kuma Turancinsa ba ya fita

Abu_Khadija:
Takarda ba ta wanke kasko dai. Auwal ka sayi burodin Uyghur da ayaba ka sa a jaka kafin su zo ɗaukarka

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ya yi duka biyun mana, ya nuna takardar ya kuma riƙe gurasar. Auwal wane sati za ka tashi? Akwai yaron ƙanwata da zai koma wajen tsakiyar wata, in kun dace sai ku haɗu tun daga filin jirgin Kano ya kai ka masaukinsu